Ƙahon saniya ne, ba takobi ba

Duk wanda ya ji labarina a Dakoro ya ji shi a karkace. Tabon da ke cinyata ba na takobi ba ne, ƙahon saniya ne. Babu wasu maza biyu da suka yi faɗa a kaina, ban je wurin kowane namiji ba, kuma ban kwana a waje ba. Aiki na tafi, aikin da aka ce in zo in yi, a lokacin da aka ce in zo. Na gaji da faɗin wannan ga mutane ɗaya bayan ɗaya, ina faɗi ana kallon ƙafata ana gyaɗa kai irin na to mun ji, shi ya sa na rubuto muku don in faɗe shi gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ba zan kama sunan kowa ba. Ba don sun cancanci a rufa musu asiri ba ne, mahaifina ne ya roƙe ni, kuma shi kaɗai ne nake jin nauyinsa a cikin wannan magana.

A lokacin ni yarinya ce da ba ta daɗe da barin kwalej ba. Na kai aji na ƙarshe, na zauna jarrabawar birebe ban ci ba, kuma ba ni da haƙurin maimaita aji tare da ƙannen ƙawayena. Zaman gida ma ban iya shi ba. Mutane sun san ni da baki, ban musa ba, in abu bai yi mini ba sai na faɗa ko a gaban wa. Mahaifina manomi ne, gonarsa ta gero tana kan hanyar Birnin Lalle, mutum ne mai sanyi wanda ko akuyar maƙwabci ta ci masa shuka sai ya kore ta a hankali. Ni ban gado shi ba. Da wata maƙwabciyarmu ta ce ana neman 'yar aiki a gidan wani Alhaji dillalin dabbobi, can ɗaya gefen gari, ban tsaya dogon tunani ba. Na ce gara in riƙa sayen sabuluna da kaina da in zauna ina jiran a ba ni. Innata ta ce ɗiyar lakwal, wadda ta yi boko, da wanke-wanken gidan mutane, na ce mata takardar da ban samu ba ba za ta hana ni wanke tukunya ba.

Wanda bai san aikin dillali ba sai in yi masa bayani, don a nan abin yake. Dillali ba sayar da dabba kaɗai yake yi ba, shi ne mai masaukin masu dabbar. Jajibirin kasuwa makiyaya suke shigowa gari, Fulani da Buzaye, wasu daga wajen Azagor, wasu daga gaba da can, kowa ya nufi gidan dillalinsa. Dabbobin a kai su garke bayan gari, su kuma mutanen su ci tuwon dare a gidan, su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida su kwana. Tun da duhu suke tashi don kowa yana so ya riga wani shiga kasuwa, kuma ba a sallamar baƙo da yunwa. Saboda haka Hajiya, matar gidan, ta ce ranar kasuwa in riƙa zuwa kafin kiran sallar asuba, in hura wuta, in fitar musu da garwashin shayi, in ɗumama tuwo, in dama kunu. Ita ba ta fitowa sai an idar da salla. Ƙofar zaure ake bari a sakaye don ni, in tura in shiga. Ban yi gardama ba. Na ce aiki ne, kuma ni ma na fi son in gama da wuri in huta.

A saman ƙofar zauren akwai fitila, ampul ne babba mai haske, in an kunna shi har kwanar layi kana ganin ƙasa. Gidan akwai kuran, wato wutar lantarki, akwai kuma batir mai aiki da rana in kuran ya ɗauke, kada wani ya ce rashi ne. Makunnin yana ciki, kusa da ɗakin Alhaji. Sauran ranaku a kunne fitilar take kwana, lokacin da ba ni da buƙatarta, don sai gari ya waye nake zuwa. Daren da baƙi suka sauka kuwa kashe ta ake yi. Dalili wai ƙwari. Ƙarshen damina hangara tana bin haske, in ta faɗo wa mutum cikin barci ya murje ta, sai fatarsa ta tashi kamar ƙunar wuta. Baƙi suka koka, Alhaji ya ce a riƙa kashewa. Wato ranar da nake ratsa wurin cikin duhu, ita ce kaɗai ranar da babu fitila. Ku duba wannan da kyau.

Ina da tocila, 'yar ƙarama irin ta kasuwa. Farkon zuwana da ita nake haska hanya har bakin zaure. Wata asuba hasken ya faɗa kan fuskar wani dattijo Buzu yana barci, amawalin rawaninsa ya zame, bakinsa a fili. Waɗanda suka san su sun san abin da wannan yake nufi, namijinsu ba ya yarda a ga bakinsa, balle mace, balle baƙuwa. Ya farka ya ja rawani ya rufe, daga baya ya kai ƙara wurin Alhaji. Da hantsi Alhaji ya kira ni tsakar gida, ya ce wai ni ɗiyar lakwal ce amma ba a koya mini kunya ba, wai baƙonsa ya wuce a dallare shi da wuta kamar ɓarawon kaji. Ya ce daga ranar in na kawo kwanar layi in kashe tocilata, in bi jikin bango in lalubo ƙofa. Na ce to a bar mini fitilar sama mana. Ya tambaye ni ko so nake hangara ta cinye masa baƙi. Hajiya tana gefe tana dariya, ta ce yarinya da idonta garau, wace tafiya ce daga kwana zuwa ƙofa. Ni da ake cewa ba na shiru, a nan na yi shi, kuma shi ne abin da nake cizon yatsa a kai har yau.

Kada ku zata ni kaɗai ce ke irin wannan tafiya. In kun fita kafin asuba a garin nan za ku gan mu, masu aikin gidajen mutane, 'yan mata da zawarawa da tsofaffi, kowacce tana sauri da mayafi a ka. Babu fitila a layukan unguwa sai wadda mai gida ya ga dama ya kunna a ƙofarsa. Mun san layin da karnuka suke, mun san inda aka haƙa ramin tubali aka bar shi ruwa ya cika, mun san kangon da samari masu shaye-shaye suke kwana, muna faɗa wa juna in mun haɗu. Wasu suna tafiya bibbiyu, wasu suna riƙe da sanda, wasu suna karatu a bayyane don mai mugun nufi ya san ba a ruɗe suke ba. Duk wannan na iya da shi, don tocilata tana hannuna tun daga ƙofarmu. Na ratsa gari guda lafiya. Wurin da aka hana ni gani shi ne ƙofar gidan da nake yi wa aiki.

Ranar da abin ya faru an haɗa hadari bai zubar ba, sama ta rufe, ko tauraro babu. Na kawo kwana na kashe tocila kamar yadda aka umarce ni, na ɗora hannu a bango ina tafiya. Ina jin minsharin mutane ta hannun dama, ina jin warin dabba, amma ƙofar gidan dillali kullum warin dabba take yi, ban kawo komai a raina ba. Abin da ban sani ba shi ne, ɗaya daga cikin baƙin, wani tsoho Bafillace, saniyarsa ta haihu a hanya. Jar saniya ce irin masu dogon ƙaho. Bai yarda a kai ta garke da ɗanyen maraƙi ba, sai aka kafa mata turke a jikin bangon nan, daidai inda nake bi. Ƙafata ta harɗe da igiya, na kifa, na faɗa kan wani abu mai ɗumi mai laushi. Maraƙin ne. Ya yi kuka.

Ban ga saniyar ba, har yau ban san kamanninta ba sai yadda aka ba ni labari. Huci kawai na ji a wuyana, sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Ƙahon ya shiga ta cikin zanena ya tsaga mini cinya, ta wurgar da ni, zanen ya tsaya a ƙahonta, ni kuma na faɗa tsakiyar tabarmin baƙi, kan mutane masu barci, hannuna na hagu ya karye a ƙarƙashina. Suka zabura. Wani ya yi ihun ɓarawo, wani ya zaro takobi, wani saurayi a cikinsu ya danne ni yana zaton ya kama ɓarawon. Da ya ji muryar mace ce sai ya so ya sake ni ya ja baya, ni kuma na riƙe rigarsa gam, don ina jin saniyar tana fizgar turke tana tono ƙasa, na ɗauka za ta tsinke ta dawo ta ƙarasa ni. Ko wa na samu a lokacin zan riƙe shi, ko iccen dogon yaro ne.

A daidai nan ne masu tafiya masallaci suka iso, don an fara kiran salla. Kowa da tocilarsa. Duk suka haske ni a lokaci guda: ga ni a ƙasa kan tabarmar maza, ba zane, daga ni sai fatari, jini a ƙafa, ina riƙe da rigar baƙo, ga wani a tsaye da takobi tsirara. Babu wanda ya ce musu haska mutum rashin kunya ne. Sai can aka kunna fitilar sama daga ciki, Alhaji ya fito yana salati. Tsohon nan mai saniya ne ya ciro zanena daga ƙahonta ya rufa mini, ya kwance ta, ya saɓi maraƙin, ya zagaya da su bayan layi don kada ta sake taɓa wani. Alheri ya yi niyya, na sani. Amma waɗanda suka taru daga baya, kuma su ne mafi yawa, ba su ga saniya ba. Takobi suka gani.

Zan faɗi gaskiya ko ta wanda nake fushi da shi ce. Alhaji ya sa ni a motarsa ya kai ni likita da kansa, ya biya ɗinki, ya biya magani, ya sa aka kira maɗori ya ɗaure hannun. Amma da malamin asibitin da ke ɗinke ni ya tambayi me ya faru, kafin in buɗe baki Alhaji ya ce faɗuwa na yi cikin duhu na hau ƙarfe. Na ce saniya ce. Ya ce zafin ciwo ne ke sa ni surutu. Daga baya na gane tunaninsa. In aka ce saniyar baƙonsa ta soki mutum a ƙofarsa, jandarmomi za su iya shigowa, a tsare saniya, a tsare mai ita, kasuwa ta ci ta watse, kuma makiyayi ba ya komawa gidan dillalin da aka taɓa kama baƙo a cikinsa. Kafin azahar ya sayar da saniyar da maraƙinta, an loda su a kamiyo, babbar motar kaya, an yi kudu da su. Baƙin da suka san gaskiya suka watse, kowa ya koma dajinsa. Aka bar ni da masu tocila.

Kafin a cire mini zaren ɗinki labarin ya gama gari, kowace unguwa da irin nata. A bakin famfo an ce na saba, duk jajibirin kasuwa can nake kwana. A wajen niƙa an ce Bafillace da Buzu ne suka haɗu a kaina, ɗaya ya zaro takobi, ni na shiga tsakani ya same ni. Mata suna zuwa dubiya, ba ni suka zo gani ba, ciwon suka zo gani. Sai su ce sannu, Allah ya kiyaye gaba, da wata irin murya da ke nuna ba saniya suke nufi ba. Wata gwaggona ta zauna bakin gadona ta ce dama ta faɗa, ɗiyar da ta yi lakwal ta kuma yi baki ba ta ƙarewa lafiya. Na tambaye ta ko a lakwal ne aka koya wa saniyar suka, ta tashi ta bar gidan da fushi, har yau ba ta amsa gaisuwata. Ƙawata da muka zauna benci ɗaya za ta yi aure, uwarta ta aiko cewa in zauna in yi jinya, ba sai na wahalar da kaina zuwa zaman lalle ba. A lokacin ina takawa sarai. Na gane saƙon.

Magana kaɗan daga gidan nan da ta kashe wannan duka. Su ce mu muka sa ta zuwa a wannan lokaci, mu muka kashe fitila, mu muka hana ta haska tocila, kuma saniya ce. Shi ke nan. Amma duk wanda ya tambayi Alhaji a majalisa sai ya ce shi barci yake yi, ihu ya ji ya fito, abin da ya kai ni kan tabarmar baƙi Allah ne masani. Hajiya ta zo dubiya da kwanon tuwo da sabulu. Na roƙe ta a gaban innata ta faɗa wa mutane ita ce ta ce in riƙa zuwa kafin salla. Ta kira ni ɗiyarta, ta ce in yi haƙuri, maganar mutane ba ta daɗewa, kuma abin da ya faru a ƙofar gida asirin gida ne, ba a yawo da shi. Na ce asirin gidansu ya rufu, nawa ne a shanye a titi. Ta ce wannan bakin nawa shi zai ja mini wata rana, sannan ta tambayi yaushe zan warke in koma, don ta rasa mai dama kunu irin nawa. Na juya fuskata bango. Innata ce ta raka ta har waje tana ba ta haƙuri. Ita ake ba haƙuri!

Abin da ya fi ƙona mini rai ba ciwon ba ne. Cinya ta haɗe, hannu ya ɗoru, ko da yake har yanzu ba ya ɗaukar bokiti cike. Mahaifina ne. Mutumin da tun tasowata a sahun gaba na san shi, ya koma sahun ƙarshe, ana sallamewa ya ɗauki takalminsa ya fito kafin a fara gaisawa. Majalisar da yake zama bayan la'asar ya bar ta, sai ya zauna tsakar gida yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Ya ce mini ya yarda da ni, kuma na san ya yarda, amma ba ya iya kallona in yana faɗi. Da na ce mu je mu sami Alhaji, sai ya ce mu talakawa ne, mutumin ya kai ni likita ya yi abin da zai iya, a bar wa Allah. Na ce masa saniyar ce na bar wa Allah, don ita ba ta da hankali, ɗanta take karewa. Masu hankalin fa? Ya ce in rufa masa asiri in yi shiru. Na yi, don shi, amma kullum da shi nake kwana a ƙirji kamar dutse.

Bayan an gama girbi, wata jajibirin kasuwa da yamma aka yi sallama a ƙofarmu. Tsohon nan ne mai saniya, da ƙwaryar man shanu a hannu. Ya sha tambaya kafin ya gano gidan. Ya tsuguna gaban mahaifina a zaure, da Hausarsa ta Fulani ya ce tun ranar bai sami natsuwa ba, ya zo neman gafara. Ina daga ciki ina jin su. Mahaifina ya ce ai ba laifinsa ba ne, dabba ce. Sai tsohon ya ce a'a, akwai abin da ya kamata a sani. Ya ce da ake kafa turken, shi da bakinsa ya faɗa wa Alhaji cewa saniyar nan mai jego ce, ko shi mai ita sai da dabara yake matsarta, a bar fitila a kunne ko da hangara za ta ci su, kada wani ya zo wucewa. Alhaji ya amsa masa cewa ya kwanta abinsa, babu mai wucewa ta nan kafin gari ya waye.

Babu mai wucewa. Na fito zauren ko mayafi ban ɗauka ba, na sa tsohon ya maimaita, ya maimaita. Ni da nake bin bangon nan duk ranar kasuwa, ni da garwashin da suke dafa shayi da shi hannuna ne ke fitar da shi, ni da shi da kansa ya tsara mini inda zan bi. Ba mugunta ya yi mini ba, da mugunta ce da na fi samun sauƙi. Mantawa ya yi da ni. Ya tuna hangara, ya tuna kunyar baƙo, ya tuna saniya, har maraƙin an shimfiɗa masa buhu don kada sanyin ƙasa ya kama shi. Yarinyar da za ta biyo ta nan cikin duhu bisa umarninsa ce kawai ba ta faɗo masa ba. Da tsohon ya ji abin da ake faɗa a kaina cikin gari sai ya riƙe baki, ya ce shi yana daji bai sani ba. Ya kira ni jikanyarsa, ya rantse zai faɗi abin da ya gani a gaban ko wane ne, ko da hakan zai raba shi da dillalin da ya daɗe yana sauka wurinsa.

Na yi ta juya abin, ga inda na tsaya. Wautar da na yi ita ce na ɗauka mutanen da nake yi wa aiki suna tunawa da ni. Na ɗauka tunda su suka ce in bi bango, sun san abin da ke jikin bangon. Ashe mai gida barci yake yi a lokacin da 'yar aiki take kan hanya. Bai taɓa taka wannan hanyar a wannan lokacin ba. Farkawa yake ya tarar da wuta a hure, kunu a dame, bai taɓa tambayar kansa ta ina mai yin su ta biyo ba. Na ji tsoron a ce ba ni da kunya, na kashe hasken da ke hannuna don in faranta wa mutanen da ke kwance, alhali da na haska ƙasa kawai da babu fuskar da zan gani, kuma da na ga igiyar. Na kuma koyi cewa duhu ba ƙafa da hannu kaɗai yake karyawa ba. Abin da ya sami mace a cikin duhu ba ita ke ba da labarinsa ba, waɗanda suka zo daga baya ne suke bayarwa yadda ransu ya so.

'Yan uwana masu aikin gidaje, ku ji ni. Duk gidan da ya ce ki zo kafin asuba, ki tambaye su tun ranar farko wa zai bar miki fitila a kunne, wa zai buɗe miki ƙofa. In sun ce ƙwari, ki ce su kafa fitilar a kan sanda can nesa da masu barci, ƙwarin su bi ta can. Irin mai aiki da rana tana nan jibge a kasuwa, ko kuɗin ɗan akuya ba ta kai ba. In sun ce kunya, ki mai da hasken ƙasa, amma kada ki kashe, ko waye ya ce. In sun ƙi duka, ki ce sai gari ya waye za ki zo, baƙi su hura wutarsu, ai a daji su suke hurawa ba wanda ya mutu. Kuma ki tabbata mutanen unguwarku da na unguwarsu sun san wa ya sa ki fita a wannan lokacin, tun kafin ranar da za ki nemi shaida ki rasa. Ku kuma masu gida, ku fita wata rana kafin kiran salla, ba tocila, ku tako daga kwana zuwa ƙofarku. In kun ga babu komai, ku aiki ɗiyarku ta cikinku ta yi tafiyar.

Ni dai na gama jinya, na gama shiru. Gidan ba zan koma ba ko da za su jera fitilu daga ƙofarmu zuwa tasu. Na je wurin mai unguwarsu da ƙafata, na ce ina so a zauna. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi ina mahaifina, wai ɗiya mace ba ta kawo ƙara ita kaɗai. Na ce in bai saurare ni ba zan wuce wurin jandarmomi, su ba sa tambayar ina uba. Sai ya sa rana, jajibirin kasuwa mai zuwa bayan la'asar, lokacin da tsohon zai shigo gari. Na ce a kira Alhaji, a kira limamin masallacin layin da waɗanda suka haske ni. Ba kuɗi nake nema ba, in Alhaji ya miƙo ma ba zan karɓa ba. So nake ya faɗa da bakinsa a gaban mutanen nan wa ya sa ni zuwa, wa ya kashe fitila, me ya tsaga mini ƙafa. Mahaifina ya ce ba zai je ba, ba ya son tashin hankali. Na ce masa ya zauna, ni zan tafi. Jiya da yamma na ga ya miƙa wa innata babbar rigarsa ta idi ya ce a wanke. Ban tambaye shi ba. Ko ya sa ta ko ya mai da ita adaka, ni ranar zan je, kuma ba zan tashi daga wurin ba sai Alhaji ya faɗa.